Ranar da birin mai gidanmu ya ɗauke mini 'ya

Ni malamar firamare ce, kuma lokacin da abin nan ya faru ina goyon 'yata ta fari, ko rarrafe ba ta fara ba. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Tudun Wada, mijina kuwa direban motar kaya ne tsakanin Riruwai da Kano, sai ya yi kwanaki bai leƙo gida ba. Da ƙyar muka samu ciki da falo a wani gidan haya. Tsakar gidanmu ɗaya da sauran 'yan hayar, rijiya ɗaya, madafi ɗaya. Mai gidan dattijo ne da ke zaune a sashen da ke jikin namu, Baba muke ce masa, kuma gaskiya bai taɓa tsangwamar mu ba kafin zuwan birin.

Wani mafarauci ne ya kawo masa shi daga wajen dajin Falgore, ɗan gwaggon biri ƙarami, abin sha'awa. Iyalin Baba suka ce ba za su zauna da shi ba, sai ya kawo shi tsakar gidanmu ya ɗaure da sarƙa a gindin darbejiyar da ke kusa da rijiya. Da farko har dariya yake ba mu. Amma yana girma yana canzawa. Haƙoransa suka fito zaƙo-zaƙo, ya koma fizgar zanen duk wadda ta zo jan ruwa, ya yage mana shanya, ya taɓa kama kazar maƙwabciyata ya murɗe mata wuya muna kallo. Wannan maƙwabciya tsohuwa ce da mijinta ya rasu, Inna nake kiranta. Ni da ita muka je muka durƙusa muka gaida Baba, muka roƙe shi ya sauya wa birin wuri saboda yara. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce ɗakuna ya ba mu haya, tsakar gida tasa ce, wanda bai iya zama ba ga ƙofa nan. Na san wuyar da muka sha kafin mu samu ɗakin, sai na ja bakina na yi shiru. Mijina ma da ya dawo cewa ya yi in dinga kaucewa wurin kawai.

Ranar wata Asabar da hantsi na shimfiɗa wa 'yata tabarma a inuwar ƙofar ɗakina, can nesa da inda sarƙar ke kaiwa, na shiga madafi in sauke wake. Ina juye ruwan na ji kukanta, wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Da na leƙo, tabarmar ba kowa. Sarƙar tana nan a jikin bishiya, amma bel ɗin da ke ƙugun birin ya tsinke. Shi kuwa yana zaune a gindin rijiya, rijiyar a buɗe, ya rungume yarinyar da hannu ɗaya kamar yadda uwa ke riƙe ɗanta, yana tona mata gashi da ɗayan.

Na buɗe baki zan kurma ihu, sai na ji hannun Inna a kan bakina ta baya. Ta raɗa mini a kunne, "'Yar nan, kada ki yi ihu don Allah, in ya firgita rijiya zai hau da ita." Na taka sau ɗaya zuwa wajensa, ya ɗago ya yage baki ya nuna mini haƙora, ya ƙara matse ta har kukan ya sarƙe mata. Dole na tsaya. Inna ta lallaɓa ta mirgina masa gyaɗa da ɓarin gurasa, ya ɗauka ya ci, amma bai saki yarinyar ba. Sai ta zame ta fita neman Baba, ta bar ni ni kaɗai ina kallon 'yata a hannun dabba. Duk addu'ar da na sani ta ɓace mini, sunan Allah kawai nake maimaitawa. Can sai yarinyar ta yi shiru, kanta ya langaɓe, ban sani ba gajiya ta yi ko numfashinta ne ya tafi. Wannan shirun ya fi kukan tayar mini da hankali.

Baba ya shigo da gudu ba hula. Ya kira birin da muryar da ya saba kiransa, amma shi ma haƙora ya nuna masa. A nan na ga tsoro a fuskar dattijon, na gane ashe shi ma ba shi da iko da shi. Ya koma sashensa ya ɗauko rake, ya tsuguna yana miƙa masa yana ja da baya a hankali. Birin ya daɗe yana kallon raken. Daga nan ya ajiye yarinyar a ƙasa, amma ya dafa ƙafarta. Ban san lokacin da na faɗa kanta na rufe ta da jikina ba. Na ji haƙoransa sun shige mini dantse, Baba ya kwaɗa masa raken, birin ya haura katanga. A ƙarƙashina na ji ta ja numfashi ta fashe da kuka.

A asibiti aka ɗinke mini hannu, aka wanke yakushin da ke bayanta da cinyarta, aka ce mu duka sai an yi mana alluran rigakafin ciwon haukan kare, domin biri ma yana iya ɗauke da shi. Makonnin da suka biyo baya ban san daɗin abinci ba. In ta yi ɗan zazzaɓi ko ta ƙi kama nono, sai in ɗauka ciwon ne ya kama ta. Allah ya tsare, babu abin da ya same ta.

Da mijina ya dawo, mu 'yan haya duka muka je wurin mai unguwa. Baba ya sunkuyar da kai, amma duk da haka ya so ya maimaita maganar cewa filin nasa ne. Mai unguwa ya tambaye shi ko akwai wanda zai kama ɗaki ba hanyar rijiya, ba hanyar banɗaki. Ya ce wanda ya karɓi haya ya ba da ɗaki da duk abin da zama a ɗakin ke bukata, kuma ba shi da hurumin ajiye abin da zai cutar da mutanen da ya zaunar. Matasan unguwa suka kamo birin a kan rufin wani gida, aka miƙa shi ga ma'aikatan daji. Baba ya zo har ƙofar ɗakina ya ba ni haƙuri, na yafe masa, amma ban iya ci gaba da zama a gidan ba. Ko motsin kyanwa na ji a tsakar gida sai na zabura na suri yarinya.

Abin da ke damuna har yau shi ne, maganar da mai unguwa ya faɗa bayan an zubar da jini, da mun je tun ranar da aka kashe kazar Inna ita zai faɗa. Tsoron a kore ni ne ya sa na ɗauka ba ni da bakin magana. 'Yan'uwana masu zaman haya, kafin ku shiga gida ku tambayi abin da ake kiwo a tsakar gidan, a yi maganar gaban shaidu. In an kawo dabbar da kuke tsoro, kare ne ko biri ko rago mai tunkuyi, ku haɗu ku kai ƙara tun kowa na lafiya. Ku kuma masu gidaje, ku ji tsoron Allah a kan 'ya'yan mutane. 'Yata yanzu ta shiga makaranta, takan shafa tabon da ke hannuna ta tambaye ni me ya cije ni, har yau ban iya gaya mata ba.