Zarto ga Sanusi, Mahuji gare Ni

A gidan kakata, can wani ƙauye kusa da Zurmi, akwai wani zarto da ba a taɓa shi sai an wanke hannu. Ba irin na kafintoci ba ne mai faɗin baki. Ƙarfe ne lanƙwasasshe kamar baka, da 'yar ƙota, bakinsa kuwa bai kai tsinken tsintsiya kauri ba, da ƙananan haƙora waɗanda sai ka shafa da yatsa za ka san suna nan. Marigayi kakanmu ya samo shi lokacin da yake aikin kafinta a Kaura Namoda. Da shi yake yanka furanni da taurari a jikin falankin akwatin ganyen shayi, ya yi wa amare allon gado da gidan madubi. Da ya rasu, Kaka ta naɗe zarton a tsohon zane ta sa a ƙasan adakarta, tare da wani ɗan mahuji, ƙarfe siriri mai tsini da ƙotar itace, wanda ake murzawa tsakanin tafuka a huda katako.

Mu biyu ne jikoki maza a gidan, kuma sa'o'in juna. Sanusi ɗan kawuna ne, wato ɗan namiji, gidan ubansa yake. Ni ɗan mace ne, yaye aka kawo ni wurin Kaka aka bar ni. Da yake taubasai muke, Sanusi ba ya kirana da suna, sai dai “bawana”, kuma ba ni da ikon yin fushi, don kowa zai ce wasa ne. Kaka kuwa dukkanmu “Maigida” take ce mana. Ko wannan bai yi mini daɗi ba. Ina so a ce ni kaɗai ne maigidan, shi kuma a nema masa wani suna.

Kaka ta iya yankan, don ita ke riƙe wa kakanmu falanki shekara da shekaru. Wani lokaci da la'asar sai ta fito da zarton ta ba mu guntun falanki mu gwada. Tun ranar farko ta faɗa mana abin da ya hana ni barci: “Zartonga ɗaya na, ku ko ku biyu. Wanda hannunai yah hi sanyi, shi ka ɗaukar shi.”

Hannuna kuwa ba ya da sanyi ko kaɗan. Kaka ta koya mana komai dalla-dalla. Haƙoran su dubi ƙasa, wajen ƙota, in ba haka ba falanki zai riƙa tsalle a hannunka. A ɗaure bakin ya yi tauri, har in ka taɓa shi da farce ya yi ƙara kamar tsirkiyar gurmi. A goga masa kyandir ko busasshen sabulu. A liƙa takardar zane da ruwan ƙaro, a bi gefen layi, kada a cinye layin kansa. In an zo kwana, hannu ya ci gaba da hawa da sauka a wuri ɗaya, falankin ne ake juyawa sannu a hankali. Duk na haddace, na ma fi Sanusi haddacewa. Amma da na kama ƙota sai in ga kamar zarton wasa yake yi da ni, in danna shi gaba, sai ka ji ƙyas, baki ya karye.

“Maigida, wa ka korar ka?” in ji Kaka. “Ba a tura zarto. Kai dai bi shi, shi ka ci da kainai.”

Duk bakin da na karya, sai an jira mai zuwa kasuwar Shinkafi ya sayo wani, kuma gidan duka ya san wanda ya jawo jiran. Sanusi kuwa zai zauna ya fito da ɗan harshensa waje, yana yi kamar mai gyangyaɗi, sai ga ganye ya fito daga falanki sumul. Kaka ta ɗaga ta duba ta ce, “Hannun kakanku na wanga.” Wallahi in ta faɗi haka sai in ji tuwon dare ya fita raina tun kafin a tuƙa shi.

Bayan magariba, in an ci abinci, mukan kewaye murhun Kaka. Ba ta bari wutar ta mutu da wuri, takan tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kuma mu zauna da 'yan matan gidan muna jira, hayaƙin kara yana sa mu hawaye. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta kaɗa toka da tsinke ta ce, “Ga wata can ta taso.” Mu ce, “Ta iso mu tarbe ta.” Ta ba mu tatsuniyoyi da yawa a bakin murhun nan, amma akwai ɗaya da take maimaitawa duk ranar da na karya bakin zarto, har na tsane ta.

Wai wani sarki ne yake da 'ya marar lafiya, wadda ba ta iya fita tsakar gida. Ta ce ba abin da take marmari sai ganin taurari. Sarki ya sa aka yi shela: duk wanda ya fitar da tauraro a tsakiyar ƙyauren ɗakinta, ba tare da ya tsaga ƙyauren ko ya ɓata gefensa ba, zai ba shi abin da bai taɓa ba kowa ba. Gadu ya zo yana huci, ya ce wannan ai aikin ƙarfi ne. Ya ja da baya ya kai wa ƙyaure karo da haurensa, ƙyaure ya rabe biyu. Aka kore shi da sanduna, aka kafa sabo.

In Kaka ta kai nan, sai Sanusi ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce a hankali, “Bawana, gaishe ka da karo.” 'Yan mata su tuntsire da dariya. Ni kuwa in cika in yi fam.

Sai gara ta zo. Ta kewaya ƙyaure, ta sake kewayawa, ta rasa ta inda za ta shiga. Ita daga gefe ta saba farawa, gefe kuwa an hana. Tana nan zaune tana kuka, sai wani ɗan tsuntsu mai tsinin baki ya sauko ya tambaye ta abin da ya faru. Da ta faɗa masa, ya sa baki ya ƙwanƙwasa tsakiyar ƙyauren har ya yi 'yar huda. Gara ta shiga ta nan, ta yi ta ci sannu sannu, ba ta gaggawa, tana bin layi, har tauraro ya fito. Da wata ya haska, sai ga tauraro kwance a kan tabarmar yarinya. Ta yi dariya, ta tashi zaune. Sarki ya ce ya ba gara duk itacen ƙasarsa, shi ya sa har yau take cin azarar kowa ba ta neman izini.

“Nan tat tsaya,” Kaka ta ce, “wutar ma ta gaji.”

Wani dare haushi ya ishe ni, ina neman abin da zan kushe wa tatsuniyar, sai na ce, “To tsuntsun hwa? Mi anka ba shi?”

Kaka ta daina tonon gyaɗa ta dube ni. “Ba a ba shi komi ba, Maigida. Ba wanda yat tuna da shi. Shi as sa har yau kaka jin shi cikin daji shina ƙwanƙwasa itace.” Sannan ta ce, “Shekara nawa nika wagga tatsuniya, kai ɗai kat taɓa tambaya tai.” Ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Ni dai a raina ni ne gadu, Sanusi ne gara, kuma an gama rabon.

Da na isa shiga sakandare, ƙanin mahaifina ya aiko a kai ni wurinsa Kaura. Ana gobe zan tafi, Kaka ta kira mu ɗakinta ta buɗe adaka. Har lokacin ina da ɗan sa rai, ina cewa ko don tausayin mai tafiya a ba ni. Ta miƙa wa Sanusi zarton da zanensa. Ni kuma ta ɗora mini ɗan mahujin a tafin hannu.

Na dubi abin, da kaɗan ya fi yatsana tsawo. Na fashe da kuka na ce, “Kaka, don ni ɗan mace na, ko?”

“Kai dai riƙe shi,” ta ce. “Zarto bai shiga tsakiyar katako da kainai.”

Na riƙe, amma ba da daɗin rai ba. Na jefa shi ƙasan akwatina, can ya zauna har na gama makaranta, har Kaka ta rasu, har na yi aure na buɗe shagon kayan babur a Kaura. 'Yan acaɓa da ke zuwa daga wajen Zurmi su ne masu kawo mini labari ba tare da na tambaya ba: “Ai ɗan'uwanka Sanusi hannu gare shi! Ka ga gadon da yay yi ma ɗiyar liman?” In ce madalla, in miƙa musu canjinsu da sauri. Da na ɗan samu sukuni, na sa aka sayo mini ƙaramin injin zarto mai aiki da lantarki, irin wanda bakinsa ke hawa da sauka da kansa. Na gaya wa matata don nishaɗi ne, in riƙa yanka wa yara motoci da haruffan sunansu. Ta dube ni kawai, don ta san da wa nake gasa. Injin ya koya mini cewa Kaka ba ta yi ƙarya ba. Falanki mai laushi yana son baki mai ƙananan haƙora, a rage gudun inji, a shimfiɗa wani tsohon falanki a ƙasa don kada bayan ya yi gashi. In kuwa ka tura, ƙyas ɗin nan dai za ka ji, da lantarki ko babu.

Shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, Sanusi ya iso ƙofar gidana da matarsa da 'ya'yansa, ba su da komai sai kayan jikinsu da wani tsohon zane a hammatarsa. Na gane zanen tun daga nesa. Na ba su ɗakunan waje. Ya yi makonni yana zaune a zaure, ko “bawana” ɗin ya daina ce mini. Abin mamaki, sai na ji ina kewar kalmar.

Wata rana na dawo daga shago na tarar ya ɗauki falanki cikin nawa ya zana allon gado, da ƙananan taurari birjik. Ya ce, “In na samu na yi wanga na sayar, yara su samu na makaranta. Amma ba ni da abin huda.” Na ɗauko masa injin huda na lantarki ina ɗan taƙama. Ya gwada bakin a kan zanen ya girgiza kai, ya fi cikin taurarin kauri. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Tun da kat tahi, ƙusa nika gasawa ga wuta in huda. Ƙone katako takai, sai in ɓoye da henti. Abin nan na Kaka, shina nan?”

Yana nan. Na ɗauko mahujin na goge tsatsarsa da samfefa, na zauna kusa da shi, na murza a tsakiyar tauraro na farko. Ashe hannun nan nawa mai zafi, wanda ba ya iya bin layi, bai da na biyu wajen murza mahuji. Sanusi ya kwance bakin zarto daga sama, ya zura shi ta hudar, ya ɗaure, ya taɓa da farce har ya yi ƙara, ya fito da ɗan harshensa. Ni in huda, shi ya yanka, har aka kira magariba.

A zaman nan ne tatsuniyar ta dawo mini. Shekaru ina jin haushin Kaka a kan ta mai da ni gadu a gaban 'yan mata, alhali wataƙila tun daren da na yi tambayar nan ta san wanda zan zama a ciki, wato tsuntsun. Ta ba ɗan gida abin da zai zauna da shi, ta ba mai tafiya abin da wata rana dole a neme shi dominsa. Ba ta ɓoye mini ba kuma, ta ce tsuntsun ba a ba shi komai. Zan so in ce da na gane haka kishin ya tafi, amma ƙarya zan yi.

Da allon ya kammala muka jingina shi a ƙofar shagona. Wani alhaji mai shirin aurar da 'ya ya tsaya, ya daɗe yana kallon yadda rana ke zubo taurari a ƙasa ta cikinsa, ya ce, “Kai! Allah shi yi ma hannun Sanusi albarka.” Nan take na ji kishin nan na bakin murhu ya taso mini, da furfurata da komai.

Sanusi ya nuna ni da haɓa ya ce, “Alhaji, kowane tauraro kag gani nan, wanga bawan nawa yab buɗe mai ƙohwa.”

Alhaji bai ko waiwayo ba, yana ta shafa yankan. Na ce wa Sanusi ya rufe mini baki ya miƙo falanki na gaba.