Abin da Ke Cikin Matsarmamar Gwaggo

Ƙanwar mahaifina ce, amma a unguwarmu har tsofaffi Gwaggo Tir suke ce mata, don ba ta iya wuce ƙazanta ba ta tofa wannan kalmar ba. In ka fyace majina da hannu a gabanta, ranar ba za ta amsa gaisuwarka ba. Muna yara, kafin mu shiga ɗakinta sai mun miƙa hannu ta duba faratanmu ɗaya bayan ɗaya. Mijinta, tsohon direban babbar mota da muke kira Baba, yakan ce shi kaɗai ne magidancin da ake shinshinawa kafin a bar shi ya shiga gidansa.

Shekara goma sha tara tana girki a kicin ɗin wata masaƙa. Ita ce babba a kan mata huɗu, suna ciyar da ma'aikata kusan ɗari biyu da rana. Shinkafa, wake, miya, sai ɗanyen kabeji da kokwamba, waɗanda ita kaɗai take yankawa, don ba ta yarda da hannun kowa a kan abin da ba zai ga wuta ba.

A shekararta ta ƙarshe famfon da ke bakin banɗakin kicin ya mutu. Ta kai ƙara wurin manaja sau uku, shiru. Sai ta ajiye bokiti da sabulu a wurin, kowa ya fito ya tsoma hannu. Tsumman da sauran matan ke goge hannu da shi ƙyama yake ba ta, saboda haka ta soke nata tawul a kugu. Da shi take goge hannu, da shi take goge wuƙa.

Cikin wata biyu zazzaɓin taifod ya kwantar da ma'aikata goma sha ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, mai gyaran inji, uban 'ya'ya uku, hanjinsa ya huje. An yi masa tiyata, bai tashi ba.

Aka turo wata mai gwaji daga asibiti, mace siririya mai tabarau. Ta ɗibi ruwan tanki, sannan ta raba wa masu girki 'yan kwalabe, kowace da ɗan cokali manne a murfinta.

"Wannan fa?" in ji Gwaggo.

"Bayan gida za ki ɗan ɗebo mana, Mama. Kaɗan ya isa."

"Ni? Da cokali? 'Yar nan, ba ki da iyaye ne?"

"Ina da su, Mama. Su ma da za su girka wa mutum ɗari biyu, sai na karɓi nasu."

Kwana biyu kwalbar tana bayan ƙofa. A na uku ta kai, a naɗe cikin leda uku, riƙe da yatsu biyu.

Ruwan tanki ba shi da laifi. Na matan huɗu ya fito lafiya. Nata kaɗai aka ce a sake, aka kuma sake. Da aka faɗa mata sakamakon ta ce ƙarya ne, an musanya kwalba, sai ta gani da idonta. Ni na raka ta.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, da zafi, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai yana tashi daga akwatin ɗumi da ke kusurwa. A kan tebur kwalabe ne jere: fitsari, kaki mai jirwayen jini, kashi ruwa-ruwa. Gwaggo ta toshe hanci da mayafi. Mai gwajin ta sa safar hannu, ta ɗauko wani farantin roba mai murfi, ta ɗaga shi a hasken taga. A kan wani abu mai kama da daskararren romo, jajayen ɗigogi ne birjik, masu sheƙi, da ɗan baƙi a tsakiyarsu.

"Kowane ɗigo miliyoyin ƙwayoyin cuta ne. Daga cikinki suka fito, muka shuka su jiya, suka tsiro."

"Ni ko ciwon kai ba na yi."

"Kin taɓa doguwar jinya ta zazzaɓi?"

Gwaggo ta ce an yi haka, tun tana goyon ɗanta na biyu, wata guda tana kwance.

"To wasu in sun warke, ƙwayar ba ta fita. Sai ta laɓe a matsarmama, tana biyo bayan gida lokaci-lokaci. Da famfo na gudu, sabulu da ruwa suna tafiya da ita. Bokiti kuwa tara ta yake yi. Daga nan sai tawul, sai wuƙa."

"Kina nufin abin da suka ci..."

Ba ta ƙarasa ba. Da ƙyar ta kai bakin kwata a waje, ta yi ta amai har sai da na riƙe mata kafaɗa.

Makonnin da suka biyo baya sun yi muni. Ta wanke hannu har fatar ta tsattsage. Ta daina ɗaukar jikanta. In ta zauna sai ta ajiye hannayen a kan cinya, tafin a sama, tana kallonsu kamar mushen da aka jefo mata. Baba ya ce, "Haba, shekara talatin ina cin girkin hannun nan, dubi tumbina." Ko murmushi ba ta yi ba.

Ta je gidan mai gyaran inji da ƙafarta, ta faɗa wa matarsa komai. Matar ta saurara, ta kawo mata ruwa. Da Gwaggo ta sha, sai matar ta sa tsinken tsintsiya a mariƙin kofin, ta kai shi kwandon shara. Gwaggo ta ce min a hanya, "Da ni ce, haka zan yi."

Magani na wata guda bai kashe ƙwayar ba. Hoton ciki ya nuna tsakuwa a matsarmamar, aka yi tiyata aka cire ta. Nas ta kawo mata tsakuwoyin a kwalba, guda bakwai, kore-kore da yauƙi. Ta kau da kai ta ce a fitar mata da su. Bayan haka gwaji uku a jere suka fito babu komai.

Famfon kuwa, washegarin ranar da sakamako ya fito aka gyara shi, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Wannan ba ta yafe wa manaja ba har yau.

An ce ta koma kicin, ta ƙi. Ta nemi a mai da ita sashen ninke yadi, a can ta yi shekara shida ta ajiye aiki. Yanzu su biyu take girka wa, ita da Baba, kuma komai sai ya dahu ya yi ligif. Baba na ƙorafin ya manta yadda ake tauna. An faɗa mata ba sai ta sake gwaji ba, amma duk shekara sai ta aika da kwalbar, kuma ni ce mai kaiwa.