Giwa da Zaki a Asibitin Tianhe

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙawata da muke shago ɗaya, da niyyar saro labule da zannuwan gado. Muka yada zango a Addis Ababa, ƙafafuna suka kumbura suntum kamar alkubus, sannan muka sauka Guangzhou cikin zafin nan nata mai sa riga ta manne a baya. Ƙawata zuwanta na farko ke nan. Ta zaro kuɗin takarda za ta biya mai tasi, mutumin ya yi ta juya su kamar ta miƙa masa kayan tarihi. A garin nan ko mai gasa dankali da waya ake biyansa.

Masaukinmu yana titin Liuhua Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa. Kaya sun yi tsada fiye da bara, kuma duk launin da na nuna sai a ce mini "mei yo", wato babu, amma ina juya baya sai ga shi an zaro daga ƙarƙashin teburi. Abinci kuwa, taliyar da Musulmin China ke ja da hannu ce ta riƙe mu, sai yajin da na ƙunso daga gida.

Mai yi mana lodin kaya Ba'indiye ne, mabiyin addinin Hindu. Ya yi zaman Kano da samartakarsa, Hausarsa tana ɗingishi amma tana kai shi inda za shi. Mun daɗe tare, ban taɓa ganinsa a birkice ba sai wannan karon. A hanyar Huangpu, inda za mu ga an cika mana kwantena, ya faɗa mini abin da ke damunsa. Matarsa na da tsohon ciki, likita ta ce sai an yi mata aiki, mahaifiyarsa kuma da za ta zo zaman jego ba ta samu biza ba.

Ya nuna mini wani zane a wayarsa, mai gidaje goma sha biyu. Ya ce a wurinsu, da an haifi yaro sai a kai wa masanin taurari lokaci da garin haihuwa, ya zana inda kowace tauraruwa take a daidai sa'ar. Akwai haɗuwar da suke murna da ita, wadda suke kira yoga. Wata ta dukiya ce, wata ta mulki. Wadda gidansu suka fi so ita ce Gajakesari, ma'anarta giwa da zaki, idan Wata da tauraruwar Mushtari suka zauna a gidajen da suke ƙarfafa juna. Shi da ita aka haife shi. Tun yana rarrafe dangi ke cewa ga mai ɗaga sunan gida, har aka sayar da gona aka yi masa karatu, aka bar ƙanensa. "Ga giwar, Hajiya," ya ce, yana nuna kansa cikin hular kwano, "tana ƙirga katan ɗin labule." Na yi dariya, amma na ji tausayinsa har cikin raina.

To tunda aiki za a yi, mahaifiyarsa ta sa masaninsu ya zaɓi safiyar Alhamis, lokacin da giwa da zakin za su haɗu, asibiti kuma ya yarda da ranar. Ni Musulma ce, gaibu na Allah ne, haka na faɗa masa, bai kuma ji haushi ba. Da ya tambayi lokacin haihuwata don ya gwada, na ce abin da innata ta riƙe shi ne ana sussukar gero. Ya ce wannan ko babban masaninsu sai ya haƙura.

Ranar Laraba da hantsi muna cinikin yadin labule sai ga wayar mai lodin namu. Naƙuda ta tashi, ba su da mace ko ɗaya a garin, ko zan zo? Na bar ƙawata da masu "mei yo", na faɗa jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Tianhe, unguwar da asibitin yake, ina ta lissafin tashoshi da yatsu kar na wuce.

Na tarar da matar tasa a kwance, fuskarta ta yi fari fat. Ba ma jin yaren juna sosai, sai na kama hannunta ina shafa mata goshi, ina cewa sannu 'yata, ta kuwa riƙe ni gam. Shi yana tsaye a bakin ƙofa, waya a kunne. Ina jiyo muryar tsohuwar tana kuka, tana roƙon a yi haƙuri zuwa gobe, kar a raba jikanta da rabonsa. Ba mugunta ba ce, tsoron kaka ne. Likitar kuma ta faɗa masa ƙarara cewa bugun zuciyar jaririn yana raguwa, sai ya sa hannu za su shiga. Biro na hannunsa, amma bai sa hannun ba.

Na fito na tsaya gabansa. Na ce, "Ɗan nan, Watan da kake jira, in ya wuce zai sake zagayowa, kai ka faɗa mini. Waɗannan biyun da ke ciki fa?" Ya kalle ni, ya kalli wayar. Ya yi wa uwarsa magana a hankali cikin yarensu, ya kife wayar a kan kujera, ya sa hannu. Muka zauna, ni da carbina, shi da nasa addu'o'in.

Kafin la'asar aka fito da 'ya mace, jajir, da gashi cunkus, tana tsala kuka. Uwar ma ta farka lafiya. Washegari na yi mata kunun gyaɗa a tukunyar lantarkin masauki, da garin da na taho da shi don kaina. Ta shanye tas, ma'aikaciyar asibitin tana leƙen kofin da zargi.

Ranar da za mu dawo shi ya kai mu filin jirgi. Ban so na tambaya ba, amma bakina ya ƙi zama. Na ce me masanin ya gani? Ya ce an zana, an duba gida-gida, babu giwa, babu zaki, babu mulki. Tsohuwar ta yi kwana biyu ba ta magana, sai da aka nuna mata fuskar yarinyar ta ce hancin kakanta ne. Yana cikin tuƙi sai na ga hawaye a kumatunsa alhali murmushi yake yi. Ya ce, "Hajiya, ba wanda zai zauna yana jiran ta zama wani abu. Yarinya ce kawai."

Mun sauka Kano lafiya, labule na kan teku, ƙawata ta iya cewa "mei yo" har tana yi wa masu neman ragi. Na je saro kaya, na dawo da tunanin irin nauyin da muke ɗora wa yara tun ba su buɗe ido ba, mu da ba ma duba taurari ma muna yi. Da jikana ya tarye ni a ƙofar gida, har na buɗe baki zan kira shi Likita kamar yadda na saba. Sai na kira shi da sunansa.