Allurar da ta kama Tanko

Shekara arba'in ke nan da rasuwar kakana Tanko, a ƙauyenmu na ƙasar Kornaka. Ina yaro aka binne shi, kuma ko a wurin jana'iza na ji wani dattijo ya kira shi da sunan da ya bi shi tun yana saurayi: Tanko Mai-barci.

Abin ya faru ne kafin Nasara su shigo ƙasar. Lokacin mahara kan zo a kan raƙuma, don haka kullum akan ɗora saurayi guda bisa wani gawo a kan tudu, in ya hango su ya yi kuwwa. An zaɓi Tanko saboda an san shi da hangen nesa. Wata rana da hantsi yana fuskantar arewa, mahara suka ɓullo ta hannun damansa, a fili ƙarara. Suka kore shanun gari, suka ɗauke ƙanwarsa Habsu a bakin rijiya. Ba a sake jin labarinta ba. Tanko bai yi kuwwa ba sai da ya ji ihun mata.

Ya rantse idonsa biyu. Ya ce gefe ne ba ya gani, sai abin da ya fuskanta. Mai gari ya buɗe masa ido da yatsa, babu yana, babu ja. Ya miƙa masa allura da zare, ya zura nan take. Ya nuna masa saniya can nesa, ya faɗi launinta. Sai mai gari ya ce, "Ka ga kafar allura, raƙumi ne ba ka gani ba? Barci ka yi."

Har mahaifiyarsa ta rasu ba ta sake miƙa masa ƙwaryar fura hannu da hannu ba, sai dai ta ajiye a ƙasa ta wuce.

Ni na san shi tsoho mai yawan waige. Yana tafe yana juya kai kamar mai neman akuya, ya yi tuntuɓe da turmi, ya wuce mutane ba gaisuwa a ce girman kai. In jika ya lallaɓo ta gefe ya ɗauke masa goro, yakan ce, "Ɗan nema, in kai namiji ne ka zo ta gaba."

Bara na fara buga kafaɗa a ƙofar ɗakina, na je asibiti a Yamai. Likitar ido ta haska fitila, ta ce a inda jijiyar gani ta haɗu da ido akwai 'yan ƙwayoyi da suka taru suka ƙandare kamar tsakuwa. Suna danne jijiyar, gani ya riƙa raguwa daga gefe, tsakiya kuwa ta zauna garau. Daga waje ba a ganin komai. Ba a cire su, kuma akan gaje su. Na tambaye ta ko abin da ya sami kakana ke nan. Ta ce ba ta duba wanda ya rasu, amma labarin ya yi kama.

Da salla na je gida, na faɗa wa Malam Idi, jikan wancan mai garin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Alhaji, mi kake so? Mu tono shi mu ba shi haƙuri? Tsakuwar taka za ta maido Habsu?" Waɗanda ke kan tabarma suka yi dariya. Da na tashi na ji wani yana ce wa baƙo, "Jikan Mai-barci ne."

Nakan tambayi kaina me Tanko zai ce da wannan zamani, da fitila ke ganin abin da ya ƙare rayuwarsa yana rantsuwa a kai. Ba na jin zai yi murna. Mutum ɗaya yake so ta ji, mahaifiyarsa, kuma ta riga shi kwanciya.

Bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Suna ya bari, da abin da ke cikin idona. Ba ni da shaidar da za ta gamsar da zauren Malam Idi, kuma na daina nema. Ni dai na san inda raƙuman nan suka bi. Kullum da safe ɗiyata tana shigowa da koko ta hannun damana, ido na buɗe, ba na ganinta sai ta yi sallama.