Kwaɗon ƙofar Iya

A unguwarmu ta bakin tafki, a Madarunfa, kakata ce mace ta farko da ta sa wa ɗakinta kwaɗo. Iya muke ce mata. Ita ta haifi mahaifina, ita kuma ta goye ni bayan an yaye ni, shi ya sa tsakanina da ita babu kunya sai tsiya. Ta ce mani maigida marar gero, in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe.

Lokacin yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba, gyaɗa ta fara daraja, mutane suna sayen abubuwan da iyayensu ba su taɓa gani ba. Baffana, wato autanta, ya kai gyaɗarshi Ɗan Issa da kaka, ya dawo mata da tsarabar kwaɗo baƙi mai nauyi, cike da tafin hannu, da ɗan makulli guda ɗaya tak. Aka kafa ƙarfe a jikin iccen ƙofa, aka ɗaura wa ƙyauren 'yar sarƙa. To, ƙyauren na karan dawa ne da aka saƙa da igiyar rama. Yaro ma in ya so zai ɗage shi ya jingine gefe. Amma Iya in za ta fita, ko da maƙwabta za ta ɗebo wuta, sai ta tsaya ta danna kwaɗon ya ce ƙas, ta waiga ta ga ko akwai wanda ya ji.

Shekarar da na yi aure, da damina, ta tafi wanki tafki, zaren da ta rataye ɗan makullin a wuya ya tsinke. Yara suka yi ta nutso har idanunsu suka yi ja, ba su samo komai ba sai laka. Wani masunci ya ce ai kwaɗin ruwa ne suka ɗauke, za su zo su kwance ɗan'uwansu. Iya ba ta yi dariya ba.

Na ce, "Tsohuwa, kauce in ɗage maki ƙyauren."

Ta ce, "Ka ɗage mi? Ƙofa a kulle take."

"To a sa masaba a fasa kwaɗon."

"Kwaɗon da autana ya sayo mani? Fasa kanka dai."

Na gane damuwarta daga baya. In aka ɗage ƙyauren a gaban jama'a, to duk unguwa ta shaida kwaɗon nan ado ne, ita kuwa ta daɗe tana yi wa tsofaffin unguwa fankama da shi. Da yamma ta ɗauki tabarmar aro ta shige ɗakin amaryata, ta ce nan za ta zauna har Allah ya kawo mabuɗi. Amaryar, maimakon ta taya ni jimami, sai murna ta kama ta, ta samu mai ba ta labarin ƙuruciyata. Ni kuwa aka miƙo mani bargo, aka nuna mani zaure. Baffan da ya jawo duk wannan yana can Gabi wajen noma, bai ma san ana yi ba.

Da safe na nufi maƙera. Maƙerin garinmu wani dattijo ne Bagobiri, ba ya salla, ranar kasuwa kuma ba ya wuce rumfar masu burkutu. Mu Katsinawa ne, don haka tun ina ƙarami ba ya kirana da komai sai bawanshi. Na same shi zaune ya miƙe ƙafa ɗaya, kurkunu ya fito mashi a idon sawu, ya naɗe kan tsutsar a jikin ɗan tsinke. Ko bakin ƙofa ba ya iya zuwa sai da sanda.

Na faɗa mashi abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya har da tari. Ya ce zai iya ƙera mabuɗi, amma sai an kawo mashi kwaɗon, kwaɗon kuwa ba ya zuwa sai an buɗe shi, shi kuma ba ya iya tafiya.

Ya ce, "Saura dabara ɗaya. Ka koya ka tahi ka buɗe da kanka. Sai dai ban taɓa jin an koya wa Bakatsine abin da ya wuce cin tuwo ba."

Na ce, "Baba, wanda ke kwana a zaure ba abin da ba zai koya ba."

Ya sa na jawo wata tsohuwar ƙwarya daga ƙarƙashin zugazugi, cike da matattun kwaɗuna. Ya ɗauki ɗaya wanda ya riga ya cire wa marfin ciki, ya nuna mani hanjinshi. Ashe abin ba wani asiri ba ne. Akwai ɗan harshe na ƙarfe da ke riƙe wuyan kwaɗon, akwai wani siririn ƙarfe mai danƙo da ke tura harshen ya zauna a wurinshi, sai kuma 'yan katangu da aka jera a hanyar mabuɗi, don in ba nashi ba ne su tare shi. Aikin mai buɗewa shi ne ya wuce katangun nan ba tare da ya yi faɗa da su ba, ya lalubo harshen, ya ture shi gefe.

Kayan aikin ma shi ya sa na yi da hannuna. Ya ba ni wayar ƙafar keke, na sa a wuta, na buga bakinta ya yi faɗi, na lanƙwasa shi kaɗan da awartaki kamar ƙugiyar kamun kifi da ba a gama ba. Sannan ya miƙo mani magagari ya ce in goge har sai ta yi santsin da zan iya sosa kunne da ita. Na farko da na yi, ya juya shi ya ce wannan sai dai a haƙa rogo. Na biyu ya ce ya yi, in dai ba a nuna wa kowa ba.

Sai aka shiga koyo. Ya ba ni kwaɗo rufaffe, na zura waya, na ji ta tokare, na danna da ƙarfi, ta lanƙwashe. Na miƙar da ita, na sake, ta karye.

Ya ce, "Kai, huɗa kake yi ko buɗe kwaɗo? Dubi nan." Ya nuna ƙafarshi. Ya kama tsinken da yatsu biyu ya murza shi kaɗan, kaɗan ƙwarai, tsutsar ta biyo, da ya ji ta ƙi sai ya saki. "In na ja da ƙarfi ta tsinke a ciki, na shiga uku. Haka za ka yi da harshen nan. In ya ƙi, ba gardama yake maka ba, ba ka iso wurinshi ba ne."

Ya kuma hana ni leƙa ramin. Ya ce ba abin da ido zai gani a can, in rufe idanuna in saurara da yatsa. Haka nake zama a maƙera bayan na taso daga gona, ido rufe, baki buɗe, ina lalube, masu kawo gyaran hauya suna tambaya ko aljanu ne suka taɓa ango. A hankali yatsuna suka fara rarrabewa. Katanga in ka taɓa ta, shiru take, ba ta motsi. Harshe kuwa in ka taɓa shi sai ka ji ya ɗan matsa ya dawo, kamar ka danna cikin ɗan akuya. Ranar da na fara jin wannan laushin, na bi shi sannu na tura, kwaɗon ya buɗe a hannuna. Na yi ihu har mai zuga ya saki zugazugi. Maƙerin ya ce in zauna, wannan kwaɗon ko tari aka yi kusa da shi buɗewa yake. Ya miƙo mani wani.

A gida kuwa Iya ta samu wuri. Ta koya wa amaryata miyar da ba na so, ta gaya mata shekarun da na kai ina fitsarin kwance, har da ƙari. In na shigo cin tuwo sai ta ce, "Maigida, yaya karatun sata?" Mahaifina kuwa sai dai in ga kafaɗunshi suna rawa don dariya.

Da maƙerin ya ga na buɗe duk abin da ke cikin ƙwaryar, ya ce in tafi in gwada. Na zaɓi hantsi, lokacin da mutane ke gona, don kada a taru. Ban san Iya ta riga ta gaya wa duk tsofaffin unguwa ba. Na tarar da su zaune a inuwar rumbu kamar masu jiran rabon goro.

Na durƙusa na zura waya. Ba laushi, ba motsi. Kwaɗon ya sha ruwan sama ya yi tsatsa. Gumi ya fara bin bayana. Wata tsohuwa ta ce ko a kira mai duba. Iya ta ce a ƙyale shi, tun yana yaro ko bakin tulu bai iya buɗewa ba sai ya fasa. Amaryata ce ta cece ni. Ta kawo man gyaɗa a ludayi da gashin kaza, ta ajiye kusa da gwiwata. Na ɗiga man a ramin, na jira, na rufe ido na sake shiga. Na wuce katanga ta farko, na wuce ta biyu, can ƙasa na ji ɗan laushin nan. Na tura. Kwaɗon ya saki.

Tsofaffi suka yi guɗa. Iya ta karɓi kwaɗon ta duba shi ciki da waje ko na ji mashi ciwo, sannan ta ce, "Ashe kana da amfani." A daren na koma ɗakina.

Na ce ta ba ni shi in kai maƙera a yi mabuɗi, ta ce sai gobe, yau ɗakinta ba zai kwana tsirara ba. Washegari da sassafe ta fito za ta tafki, hannunta ya yi abin da ya saba. Daga ɗakina na jiyo ƙas.

Daga ranar na zama mabuɗin Iya. In ta dawo daga unguwa sai ta aika yaro gona a kira ni. Ina tsakiyar noma sai in ji ana ƙwala mani kira, wai tsohuwa na son ɗaukar tabarta. Kullum in na buɗe na ce a kai maƙera, sai ta ce yau ba dama, akwai baƙi a gari. Da abin ya ishe ni na ce, "Tsohuwa, zauna in koya maki."

Na yi zaton zan rama duk tsiyar da aka yi mani. Na shirya maganganun maƙeri tsaf a bakina. Na ce ta rufe ido, ta ce idon da ba ya gani sosai ina ruwanshi da rufewa. Ta riƙe wayar kamar yadda take riƙe mazari. Matar da ta shekara tana kaɗi tun kafin a haifi ubana, yatsunta sun san daidai inda zare ke shirin tsinkewa. Ta ɗan lalaba, ta ce, "Wanga mai motsi?" Na ce shi ne. Ta tura, ya buɗe. Ta dube ni ta ce, "Wannan ne ka yi ta zarya maƙera a kanshi?"

Ta ƙwace wayata, ta sa na lanƙwasa mata gindinta ya zama zobe, ta zura zare mai kauri ta rataya a wuya.

Da kaka ƙafar maƙerin ta warke, ya tako da kanshi har gidanmu, ya zauna a ƙofar ɗakin ya auna kwaɗon, ya ƙera mata mabuɗi mai kyau, har da 'yar kwalliya a kai. Iya ta yaba, ta ba shi daddawa da kuka. Bayan ya tafi ta ce wannan mabuɗi ya fi ƙarfin yawo, kada tafki ya sake cinye shi. Ta naɗe shi a tsumma, ta sa a cikin tukunya a ƙarƙashin gadonta, ta fito ta danna kwaɗon a kanshi. Har ta bar duniya da waya take buɗe ɗakinta.