Laimar Baba ti Susu

Duk wanda ya san gidanmu a unguwar Kilomita Biyar ya san laimar Baba. Baƙa ce, ƙarafanta biyu sun karye, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya rufa wa kansa ita ba. Rana na take zai tsaya a tsakar gida, gumi na zuba, ya riƙe wa bahon 'ya'yan kifi laima. Yaran unguwa suka sa masa Baba ti Susu, wato uban kifi a yaren Sango. Amsawa yake yi, har da ɗaga hannu!

Wani mai kawo kaya daga Kamaru ne ya jawo mana. Ya gaya wa Baba cewa 'ya'yan kifin karfasa, in ruwansu ya yi zafi sosai a makonnin farko, da yawa cikin waɗanda za su zama mata sai su juye maza. Shawara bawan Allah yake bayarwa, don namijin ya fi girma, ya fi tafiya a kasuwa. Baba ya dafe ƙirji. "Au! Ashe rana ce ke sace min 'yan mata?" Nan take ya ɗauko laimar Inna, kuma rabonta da ita ke nan.

Mu bakwai ya haifa, duk mata, ni ce auta. Ƙaninsa Baffa Sale, shi ma mai kiwon kifi, ba ya gajiya da gori. Wata rana ya shigo da buhun abincin kifi mai magani, wanda ke mayar da su maza kaf.

"Yaya, a gida ka rasa namiji, a ruwa ma sai ka rasa?"

"Sale, Allah ya ba ni mata bakwai ban kai ƙara ba. Kai ne za ka gyara masa aiki da garin buhu? Kwashe abinka kafin kajina su ci su fara cara!"

Matan kifin nan kuwa suka yi ta haihuwa har tanki ya cika, kifi ya ƙi girma. Inna takan ɗaga ɗaya ta ce, "Malam, wannan kifi ne ko ashana?" Ga shi ba a kai ko ɗaya tukunya sai ya buɗe bakinsa ya leƙa, tunda macen a baki take riƙe ƙwai. In ya ga ƙwai, sai ya mayar da ita ruwa cikin ladabi.

"Mai jego ce. Ba ta cin komai, baki a rufe saboda 'ya'ya. Ke za ki iya?"

"Da zan iya rufe baki haka, ai da ka huta," in ji Inna.

Sai rikici ya zo, aka rufe unguwa, manyan motoci suna kwasar mutane zuwa Cadi da Kamaru. Muka roƙe shi mu tafi. Wallahi na yi kuka, na ji haushinsa har cikin raina.

"In bar wa wa masu jego? A nan aka binne ubana. Mai son gidan nan ya zo ya same ni a ciki!"

Kasuwa ta bushe. Ƙattin mazan Baffa Sale aka cinye su tas, babu mai haifar wasu. 'Yan ashanan Baba kuwa kullum ƙaruwa suke, da su muka rayu, mu da maƙwabta. Ran nan sai ga Baffa da kwano, kai a sunkuye.

"Ina mazajen naka?"

"Sun ƙare, Yaya."

"Haka suke. Miƙo kwanon."

Bara Baba ya rasu. Ana gama zaman makoki Baffa ya ce a sayar da tankin, tunda babu namijin da zai riƙe. Sai babbarmu Yaya Hajara ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da laimar, ta buɗe a kan baho, ta tsaya ƙyam tana kallonsa har ya nemi takalmansa. Yanzu karɓa-karɓa muke yi mu bakwai, kuma duk ranar da ta zo kaina sai na yi kewarsa.

Ya Allah, bawanka ya sha rana don wasu su sami inuwa. Ka gafarta masa, ka sa shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa sai taka.