Akuyar Kaluluwa

Shekaru sun ja baya sosai, lokacin maigidana, Allah ya jiƙan rai, yana da ƙarfinsa. Ni ban iya rubutu ba, 'yata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata in na yi kuka kada ta tsaya.

A rani mukan shiga dajin wajen Bader Goula ɗibar ƙaro, danƙon nan da ke fitowa jikin itacen dakwara. Wata rana ƙaya ta soke ni a yatsa, na cire, na tsotse jinin, na manta. Ashe bakinta ya karye a ciki.

Bayan 'yan kwanaki ina wanka sai na ji wani ƙullutu a hammatata, kamar ƙwallon dabino. Gwaggona da irin wannan kumburi ta fara, bai bar ta ba sai da ya kai ta kabari. Ni a sanina kaluluwa ta yara ce masu gyambo a ƙafa, ban kawo ta a raina ba. Na ce shi ke nan, tafiya ta zo.

Ban gaya wa kowa ba, sai na shiga shiri. Na yafe wa mutanen da ba su ma san na yi fushi da su ba. Sannan na ja jar akuyata, wadda nake ji da ita, ga ta da ciki, na kai wa maƙwabciyata.

Ta ce, "Yaya, lafiya? Ke da ko kashinta ba ki bari a kwasa?"

Na ce, "Riƙe dai, ki riƙa sa ni a addu'a."

Da maigida ya dawo ya ga turke wayam, ya ce, "Uwar yara, ina ja?" Sai na fashe da kuka, na gaya masa komai. Bai yi dariya ba a ranar. Ya ɗaura wa jaki amalanke, muka nufi likita a Dakoro, ina ta yi wa gonaki kallon bankwana.

Matar da ta duba ni ta taɓa wurin, ta kama hannuna tana juyawa, ta tsaya kan yatsan da ya yi ja. Ta matsa, na yi ƙara.

Ta ce, "Inna, ga ɓarawon nan."

Ta zaro guntun ƙayar. Ta ce bayan jini akwai wani farin ruwa da ke zagaya jiki yana kwashe dattin nama, yana bi ta wasu 'yan ƙwayoyi a hammata da wuya da matsematsi, su kuma su tace shi kamar rariya. Datti ya yi yawa daga yatsan, shi ne tawa rariyar ta kumbura tana aiki. Ta ce na kyauta da na zo, don wani kumburin ba na wasa ba ne, amma wannan kaluluwa ce kawai.

A hanya ne maigida ya saki dariyarsa, har jaki ya tsaya.

Ya ce, "Ke da kike cin abinci da dakwara! Ba ki ga inda ta ji rauni nan take turo ƙaro ba? Abin da ba ta so ta tara a tsohon ganye ta zubar. Kin taɓa ganin ta raba gado don haka?"

Na ce, "Malam, bar ni da abin da ya dame ni. Akuyata fa?"

Ya ce, "Kyautar mamaci ba ta dawowa."

Kumburin ya sace. Akuyar kuwa ta haifi biyu a gidan maƙwabciyata. Kunya ta hana ni magana, ita ma ta yi kamar ba ta gane ba, kullum tana gaishe ni da, "Yaya, ya jikin mai tafiya?" Sai da aka yaye su ta turo mini macen, da igiya sabuwa.

Da ciwon ajalin maigida ya zo, na yi ta laluben hammatarsa da wuyansa, ko Allah zai sa ƙaya ce. Ya gane, ya yi murmushi ya ce, "Wannan karon kada ki ba da akuya."

Ban bayar ba. Jikokinta ne cike da turkena yanzu, duk jajaye. In na fita ba su dusa nakan yi kuka, sai in tuna muryarsa a kan amalanken nan, dariya ta ƙwace mini.